Shekarar da Muka Yi wa Mangwaro Jego

A shekarun da suka biyo bayan babban fari, da zarar an gama ɗaure hatsi sai garinmu Badagishiri ya koma garin mata da tsofaffi. Ana kai damin ƙarshe rumbu, maza sun fara kakkaɓe jakunkuna. Kurmi, can kudu, suke tafiya biɗar kuɗi, wasu Abijan, wasu Ikko, kuma ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Maigidana yana cikinsu. Ni 'yar Ƙonni ce, can na yi lakwal, wato makarantar boko, har na taɓa kwaleji kafin a kawo ni, kuma ban taso na ga haka a gidanmu ba. Babana, Allah ya jiƙansa, tela ne, kullum ana jin ƙarar kekensa a zaure. Sau biyu ina haihuwa maigida ba ya gari. Wata shekara da ya dawo ya miƙa wa babbar ɗiyarmu hannu, sai ta ruga bayan Inna, uwarsa, tana kuka tana cewa baƙo ya shigo. Ya yi dariya tare da mutane. Amma da ya shiga ɗaki ya daɗe zaune a bakin gado bai ko cire takalmi ba.

A shekarar nan ce ya je Ƙonni ya sayo dashen mangwaro mai aure, irin gajeren nan da ba ya daɗewa bai fara 'ya'ya ba. A kan cinyarsa ya riƙo su cikin mota tun daga Tsarnawa, inda ake sauya mota, don kada a danne su da buhuna. Ya dasa su a garkar da ya gada, wato lambunsa, can ƙasa cikin fadama, inda rijiya ba ta da zurfi. Ba su kai goma ba. Ya ce mini duk ranar da itatuwan nan suka ɗauke mana rani guda, ya ajiye jaka ke nan. Na ɓoye murnata, don kada in yi wa maganar baki. Sai dai tun daga ranar, in na idar da salla, bayan iyaye da yara, sai in sa mangwaro cikin addu'a. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kunya nake ji.

Shekaru suka tafi, ni da Inna muna ban ruwa da rani, shi yana kula da su da damina. Da suka yi hudar farko, wato fure, muka yi murna, amma ba ta daɗe ba. Jaura ta sauko, sanyin nan mai yanka da ke zuwa a tsakiyar ɗari, ta kwana biyu ko uku a fadama. Hudar ta yi baƙi kamar an shafa mata shuni, ta bushe, ta zube. Ko ɗa guda ba mu gani ba.

Da kaka ta sake zagayowa, ana gobe zai tafi, ya kira ni ya ce akwai maganar da yake so in sani. Wani mai shago a Abijan ya yi masa tayin gadi. Aiki ne tsayayye, amma babu zuwa gida da damina, sai dai bayan shekara biyu ko uku a ba shi wata guda.

"Na ce mishi shi ba ni wanga rani in yi shawara," ya ce. "In bana ma hudar ta ƙone, to ƙasar ga ba ta mangwaro ba ta. In saida garkar, in karɓi aikin."

"In kuwa ta tsaya?"

"In ta tsaya kin san abin da nac ce."

Da haka ya tafi.

Hudar bana ta fi ta bara. Kowane reshe ya fitar da tsintsiyar fure, ja-ja a gindi, fari-fari a baki, har ganye ya ɓace a wasu wurare. Ƙamshinta mai nauyi ne, ba kowa yake so ba, amma ni in na sauka garka sai in tsaya in shaƙa. Ƙudan zuma da ƙananan ƙudaje suna ta gunji a ciki tun hantsi. Inna takan zagaya su ɗaya bayan ɗaya tana cewa tubarkalla, tana tofa musu addu'a, hannunta a baya don kada ta taɓa.

Sai wata la'asar iska ta tsaya cak. Sama ta yi garau, babu ko ɗigon gajimare. Wanda bai san fadamarmu ba zai ce yini ne mai daɗi. Mu kuwa mun san haka ta fara bara. Sanyin fadama ba kamar na cikin gari ba ne, gangarowa yake daga kan duwatsu ya taru a ƙasa kamar ruwa. In kana sauka da yamma, ƙafafunka ne za su fara shiga cikinsa, fuskarka tana nan da ɗumin rana. Garkarmu kuwa tana can inda ya fi kwanciya. Da safe muka tarar man shanun Inna ya daskare a ƙwarya, ruwan randa yana kama haƙori. Muka gangara da sauri. Bakin wasu furanni ya fara sauya launi.

Inna ta tsaya ta daɗe tana dubawa. Mace ce mai ƙarancin magana, doguwa, mai ciwon gwiwa, kuma ita ce ungozomar unguwarmu. Yawancin yaran da ke yawo a ƙofar gidajen nan ita ta yanke musu cibi.

"Ɗiyata," ta ce, "na gane ciwon. Itaciya mai huda maijego ta. Jikinta ɗanye na. Mi aka wa maijego don kada sanyi shi shige ta?"

Na ce, "Wanka da ruwan zafi, Inna, da gashi."

"To. Mu mun bar su tsirara cikin jaura, muna jiran 'ya'ya."

Ba zan ce na yi mata musu ba, don ban ga abin musu ba. Hasali ma ni na ƙara mata ƙarfi. Na tuna wani hoto a littafin karatunmu na kwaleji, Turawa sanye da manyan riguna tsaye cikin garkar itatuwa, wuta tana ci a tsakanin layuka. Abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton ya daɗe da fita kaina, wutar kawai na riƙe. Na gaya wa Inna. Ta ji daɗi ƙwarai.

"Kin gani? Har Nasara sun san jego."

Da yamma muka ɗora babbar tukunya a gefen rijiya, Inna ta jefa ganyen dogon yaro a ciki kamar yadda take yi wa masu haihuwa. Allah ya taimake mu, tukunya guda ba ta isa komai ba, kuma kafin mu surka mu kai gindin kowace itaciya ruwan ya huce. Wankan bai yi musu komai ba. Gashin ne ya kawo magana. Muka ce mu fara da itaciyar da ke kusa da rijiya, wadda ta fi kowace huda. Muka tara karan dawa a gindinta, ɗan nesa kaɗan a ganinmu. Ana kiran magariba na kawo garwashi na tura.

Karan rani ba ya shawara. Kafin in miƙe tsaye wuta ta yi sama ta wuce kaina. Mangwaro mai aure kuwa gajere ne, rassansa suna nan daidai ƙugun mutum. Na ji ganye yana ƙara tas-tas, na ga hudar gefen nan tana nannaɗewa. Inna tana salati, ni ina jan guga. Ban san ina da ƙarfin nan ba. Ina ja tana watsawa, ina ja tana watsawa, har da sauran ruwan dogon yaro, har da zanen da ta yafa ta tsoma ta dinga bugun wutar. Muka jiƙe wurin sharkaf, ƙasa ta zama taɓo har gindin itatuwa biyu na kusa. Wutar ta mutu, ta bar tulin jiƙaƙƙen kara yana ta fitar da farin hayaƙi mai kauri. Ba mu da sauran ƙarfin tarwatsa shi. Muka yi sallar magariba a nan bakin rijiya, a makare, haƙoranmu suna haɗuwa. 

Ina da taubashiya a garin, ɗiyar kawuna, wadda ta riga ni aure a can. Gajera ce, mai ƙiba, mai sayar da ƙosai, kuma tun muna yara ba ta taɓa ganina ta ƙyale ni ba. Labari ya riga mu isa gari, don masu albasa na garkar sama sun hango wutar. Da sassafe muna shirin gangarawa sai ga ta da sallama, ta gaida Inna da ladabi har ƙasa, sannan ta juyo kaina.

"Baiwata, barka da arziki! An ce an samu ƙaruwa garka. Mace ko namiji?"

"Ke dai Allah shi shirye ki," na ce.

"An yi wanka, an yi gashi. Saura kunun kanwa. In dama in kawo, ko ke za ki dama da Faransanci?"

Inna ta kau da kai, amma na ga kafaɗarta tana motsi. Taubashiyar tawa ta ajiye kaskon suyarta ta biyo mu, wai sai ta ga jaririya.

Abin da muka tarar ya kashe mana dariya. Itaciyar rijiya ta ƙone gefe guda, ganyen ya yi ja, hudar ta zama toka. Na nesa kuma jaura ta taɓa su, baƙin ya ƙaru a bakin furanni, musamman na ƙasa.  Ina tafe ina duba su ɗaya-ɗaya, har na dawo kan biyun nan da ke kusa da inda muka kashe wutar. Na duba, na sake dubawa. Babu baƙi ko kaɗan. Har gefen itaciyar rijiya da wuta ba ta kai ba yana nan fes. Tulin karan yana nan yana ɗan hayaƙi har lokacin, hayaƙin bai tashi sama ba, ya kwanta a ƙarƙashin rassan kamar an shimfiɗa mayafi. Na durƙusa na dafa jiƙaƙƙiyar ƙasar, na je na dafa busasshiya. Jiƙaƙƙiyar ba ta kai ta sanyi ba.

Na kira Inna na nuna mata. Ita ma ta dafa, ta shaƙi hayaƙin.

"Ashe ba gashi taka so ba," ta ce a hankali. "Turare taka so."

"Af!" in ji taubashiyata. "Amarya ta, kun mai da ta maijego tun ba a kai ta ɗaki ba. Wa ya aike ku?"

Wannan karon Inna ta yi dariya a fili, har ta dafa gwiwa.

Muka zauna a bakin rijiya muka yi shawara. Ruwa dai mai sauƙi ne, mu shayar da su da la'asar, ƙasa ta kwana a jiƙe. Hayaƙi ne aiki. Muna son wutar da ba ta da harshe, wadda za ta yi ta ci a hankali har gari ya waye ba tare da kowa a kanta ba, don mata ba sa kwana a garka. Wannan kuwa kowace tsohuwa ta san shi, haka suke kwana da wuta a kaskon jin ɗumi: busasshen kashin shanu a ƙasa, garwashi a tsakiya, a rufe da ƙaiƙayi, a yayyafa toka. In an zuba a ƙasa kawai, ƙasar da muka jiƙa za ta kashe shi, ko iskar asuba ta watsa shi cikin shinge. Sai dai a kasko. Kuma ba guda ba, kowace itaciya tana son biyu ko uku.

Muka tattara fasassun tukwane da gindin tsohuwar randa, ba su isa ba. Dole muka shiga gari aro. Ban taɓa jin nauyin roƙo irin na ranar ba. A ce cikin tsakiyar jaura ka shiga ɗakin tsohuwa ka ce ta ba ka kaskonta za ka kai wa itace. Taubashiyata ce ta shige gaba, don ita bakinta ba ya nauyi.

"Gwaggo, kaskonki muka biɗa. Amare za mu turara."

"Amaren wa, cikin wanga sanyi?"

"Na garka. Guda ma ta sha wuta jiya."

Wasu suka yi dariya suka ba mu tsohon da suka daina amfani da shi. Wata ta ce mu tafi mu ba ta wuri, ita ƙashinta ya fi mata mangwaron wani, kuma gaskiyarta ce. Akwai wata tsohuwa a bayan masallaci da 'ya'yanta maza duka suna Kurmi, ɗaya ma an daɗe ba a ji labarinsa ba. Ta saurare mu har muka gama, ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗi, cewa in hudar ta tsaya maigidana ya bar tafiya. Na ce haka ya ce. Ta juye tokar kaskonta a murhu, ta goge shi da gefen zane, ta miƙo mini.

"Ɗauki. In naki ya zamna, wataƙila nawa su gani."

Na karɓa da hannu biyu.

Da muka jera su da yamma sai aka rasa na itaciyar can ƙarshe, wadda ta fi kowace shiga kwari. Inna ta hau gida da gwiwar nan tata, ta dawo da nata kaskon a kai. Na ce, "Haba Inna, da tarin ga naki?" Ta ce in kama mata ta sauke. Na kama.

Bayan isha'i na shiga ɗakinta na tarar ta dunƙule cikin bargo guda, ɗakin kamar cikin randa. Na durƙusa na roƙe ta ta dawo ɗakina, mu da yara ɗuminmu ya isa. Ta ce a ina aka taɓa yin haka, uwar miji a ɗakin matar ɗa. Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa wuce bakin ƙofata ba sai ranar haihuwa. Na koma na turo mata jikokinta, na ce su ce tsoro suke ji. Ƙaramin ya je ya ce, "Inna, an ce mu ce tsoro muka ji." Na ji ta tana dariya tana tari. Can sai ga ta da tabarmarta a hammata, tana cewa saboda mijinta ƙarami kawai ta zo, ba don kowa ba. Ta kwanta a tsakiyarsu. Har jaura ta wuce a nan take kwana, kuma a kwanakin nan ne na ji labarin ƙuruciyarta, da 'ya'yan da ta binne kafin maigidana ya tsaya, abin da ban taɓa ji ba a shekarun da muka yi tare.

Haka muka shiga yi. La'asar ban ruwa. Kafin magariba mu cika kasake, mu jera su ta gefen da sanyi ke gangarowa. Da mun sallame sallar asuba mu sake sauka da buhun ƙaiƙayi, don mun lura sanyin ya fi cizo dab da fitowar rana, lokacin kuma wutar ta yi rauni. Daga kan gangare in ka hango garkarmu sai ka ga hayaƙi ya yi mata rumfa, kawunan itatuwa kawai suka fito. Idanunmu suka yi ja. Zannuwanmu, gashinmu, har tuwon da nake tuƙawa, komai warin hayaƙin kashin shanu yake. Taubashiyata takan toshe hanci in na zo wucewa ta wurin suyarta.

"Ku ba 'yar kwaleji hanya, ta sha turaren Makka!"

Amma ita ce take aiko mana da tokar murhunta kullum, kuma ranar da ciwon gwiwa ya hana Inna sauka, ita ta bar ƙosai ta raka ni.

Ranar ce ma ta fi kowace muni. Yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, na kasa kwance bakin buhu sai da haƙori. Muka tarar kusan rabin kasaken sun mutu, toka sanyi ƙalau, don ƙaiƙayin jiya da ɗan danshi. Muka dinga ɗibar garwashi daga masu rai muna kai wa matattu, muna durƙusawa muna hurawa, hawaye na zuba, ban san na hayaƙi ne ko na tsoro ba. Taubashiyata ba ta yi wasa ko guda ba a safiyar nan. Da rana ta fito, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Mun yi namu. Tashi." Wasu furannin ƙasa sun yi baƙi, amma na sama suna nan.

Bayan wannan sanyin ya fara sassautawa. Wata safiya na fito alwala na ji ruwan buta bai cije ni ba. Muka wanke kasaken mutane muka mayar, kowanne da ɗan ƙullin gyaɗa a ciki. Inna ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakinta, yara suna kuka suna riƙe mata zane.

Ina cewa an gama. Sai bayan 'yan kwanaki na sauka ni kaɗai da hantsi, na tarar gindin kowace itaciya ya rufe da busasshen fure, kamar an zazzage dusa. Na girgiza reshe kaɗan, wani ya sake zubowa. Tsintsiyoyin nan da suka cika da fari sun zama tsirara. Ni dai mangwaro a tire na san shi a Ƙonni, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake ɗaurawa ba, Inna ma haka, don kafin ɗanta babu mai shi a danginsu. Abin da na sani kawai, bara ma zubewa ta yi. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar babana. Ina tuna tsohuwar bayan masallaci, ina tuna yadda zan ga damina ta zo ta wuce babu kowa a gonarmu sai 'yan ƙwadago.

Da na gaji na ɗebo ruwa na wanke fuska, na ce bari in ɗauki reshe guda in kai wa Inna ta gani da idonta, don ba zan iya faɗa mata da baki ba. Na kamo wata tsintsiya zan karya. A nan na gan su. A jikin siraran sandunan, inda furen ya faɗi, akwai wasu 'yan ƙwayoyi kore shar, masu sheƙi, ba su kai ƙwayar wake ba. Na saki wannan na kamo wata. Suna nan. Na zagaya itatuwan duka ina dubawa, har wadda muka ƙona, gefenta mai rai ya fi kowa. Bara sandunan ne suka yi baƙi suka mutu. Bana kore suke, furen ne kawai ya gama aikinsa ya sauka.

Ban karya komai ba. Na fuskanci gabas na yi sujada a kan ƙasar nan mai ɗanshi, na daɗe ban ɗago ba. Sannan na hau gangaren da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina lakwal. Na tarar da Inna tana tsince wake. Na tsaya ina haki, na ɗauki ƙwayar wake guda daga faifanta na nuna mata.

"Kamar wagga, Inna. Ko'ina."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, a hankali, sannan ta ce in miƙo mata sandarta.

Da yawa daga cikin ƙwayoyin sun zube daga baya, wasu iska, wasu haka kawai. Amma waɗanda suka tsaya sun isa. Da bazara sai da muka tokare rassa da gwafanni. Maigida ya dawo ana saura kaɗan su nuna. Ya ajiye jaka, ya sha ruwa, ya gaida Inna, bai tambayi komai ba, mu ma ba mu faɗa ba. Da la'asar ya fita shi kaɗai. Bai dawo ba sai bayan magariba, ya zauna a tabarma, na kawo masa tuwo. Ya ci loma biyu ya ce, "Wa ya ƙone mini ta bakin rijiya?" Inna daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ci tuwonka." Ya duƙar da kai yana murmushi, ya ci.

Masu saye suka zo daga Tawa ranar kasuwa suka ɗiba a kwanduna. Ba dukiya aka samu ba, kada in ƙara gishiri. Mun dai ci, mun aika Ƙonni, kowane gidan da ya ba mu kasko an kai masa, har gidan wadda ta hana. Damina ta zo, aka yi noma. Duk tsawon lokacin nan bai sake tayar da maganar gadi ba, ni kuma ban tambaya ba. Namiji yakan faɗi magana da rani, kaka ta zo ta sauya masa ita, kuma na ga abokan tafiyarsa sun fara zuwa zaure suna ƙus-ƙus.

Da aka sa ranar tafiyarsu, na soya gyaɗa, na daka garin gero da barkono da 'yar citta, na ƙulle a tsumma kamar yadda aka saba yi wa matafiyi. Na ajiye masa a bakin gado. Da safe ya gani, ya dube ni, ya ɗauka ya fita. Na ji ƙarar motar tana ɗumama a tasha, na ji ta tashi, na bi ta da kunne har ta hau gangaren kudu. Na zauna a gindin murhu da ludayi a hannu, ban san abin da nake motsawa ba.

Da hantsi na ji sallama a zaure. Maigida ne ya shigo hannu wofi, da wata sabuwar igiyar guga a kafaɗa.

"Na ba ɗan gidan liman ƙullin, shi babu mai yi mishi," ya ce. "Yaji ya yi yawa, na ɗanɗana. Akwai sauran kunu? Ina so in sauka in duba wurin da za ni sa albasa kafin rana ta yi zahi."

Na ce akwai. Na tashi na ɗauko ƙwarya na zuba masa. Inna tana zaune a rana tana shafa man shanu a gwiwa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ɗiyata, yau ki ƙara awon hatsi."